Yadda na mayar da fayafayan shagonmu fayil, na ɗora su a kwamfutar da ba ta da lekta

Duk wanda ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a ƴan shekarun nan ya san an daina yi musu lekta, wato ɗan aljihun nan da ke fitowa daga gefe a ɗora masa faifan CD ko DVD a tura. Masu ƙera su sun ɗauka kowa yana da intanet mai gudu kuma mai araha. Mu kam a Damagaram har gobe akwai ayyukan da ba sa tafiya sai da faifai. Shagon Yayana nake riƙewa, muna buga takardu, muna fotokofi da sikan, yawancin masu zuwa wurinmu ɗaliban Jami'ar André Salifou ne da malaman lakwal. Tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 7 ita ke ɗauke da nauyin shagon, sai ga shi a ƙarshen hunturu lektarta ta fara taurin kai: ka sa mata faifai ta yi ta gurnani tana juya shi, can ta yi shiru ba ta nuna komai ba. Ƙura ta gama da ɗan idon da ke karatun. A daidai wannan lokacin Yaya ya dawo daga Kano da wata tafi-da-gidanka ta hannu mai Windows 10, siririya, babu ko gurbin lekta a jikinta. Faifai huɗu suka tsaya mana a wuya. Akwai na firinta, mai ɗauke da manhajar da masu gyara ke kira pilot, wadda in babu ita kwamfuta ba ta san firinta ba. Akwai na wani ƙamus na Faransanci da muke duba rubutun ɗalibai da shi, Yaya ya saye shi tun da daɗewa, kuma ba ya buɗewa sai faifansa na cikin lekta. Akwai na karatun Alƙur'ani da muke sawa da safe. Na huɗun DVD ne na wani hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, marigayi Babanmu ya fito a ciki a kan dokinsa, kuma ba mu da wani kwafi bayan shi.

Tunanina na farko shi ne na kowa, in sayi lekta ta waje wadda ake jonawa ta USB. Na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, na bi masu kayan waya da kwamfuta ina tambaya. Shaguna da yawa ba su da ita, wasu yaran shagon ma ba su gane abin da nake nufi ba sai da na kwatanta da hannu. Wani Alhaji ya zaro guda daga ƙarƙashin tebur, kwalinta ya sha ƙura, ya ce jikka 15, wato sefa 15,000. Na ce, "Alhaji, a gwada mini ita?" Ya ce, "Malam, sabuwa ce fil, amma in ta fita daga shagon nan ta zama taka." Na taya jikka 10, ya ce albarka. Wani saurayi mai gyara da ke rumfar kusa, wanda ashe yana jin mu, ya bari sai da na yi gaba kaɗan sannan ya yafito ni. Ya tambayi abin da zan yi da lektar, na zayyana masa. Ya ce, "Babban yaya, in ka saye ta, kullum faifan nan zai riƙa juyi cikin ƙurar nan, wata rana shi ma ya mutu. Kawo su gobe da safe, ka zo da kile ta USB mai girma, in kwashe maka su ISO, ka kulle fayafayan a akwati." Ban fahimce shi sosai ba, amma da ya ce dala ɗari zai karɓa kan kowane faifai, sefa 500 ke nan, na ga ko abin bai yi ba asarar ba ta kai ta jikka 15 ba.

ISO dai fayil ɗaya ne da ke ɗauke da faifai dungurungum: dosiyoyin da kake gani in ka buɗe faifan, da tsarin da aka jera su, da sunan faifan kansa, daki-daki daga farko har ƙarshe. Ya ɗauko sunansa daga ƙa'idar ISO 9660, wadda aka fitar a 1988 don kowace irin kwamfuta ta iya karanta CD ɗaya. DVD galibi da wani tsari mai suna UDF yake aiki, amma shi ma .iso ake liƙa wa ƙarshen sunan fayil ɗinsa. Girman fayil ɗin gwargwadon abin da ke cikin faifan ne: CD na ɗaukar kusan mega 700, DVD na yau da kullum jiga 4.7, mai hawa biyu 8.5. In ka samu fayil ɗin, kana iya sa kwamfuta ta ƙirƙiri lekta ta ƙarya ta ɗora shi a kai, duk manhajar da ta leƙa sai ta ga faifai zaune. Sai dai kwashewar farko dole da lekta ta gaske mai lafiya za a yi ta, kuma Windows ba ta zo da abin kwashewa ba. Saboda haka zuwa wurin mai gyara, ko wani sibar da ke da tsohuwar kwamfuta, babu makawa.

Washegari na isa tun da sauran sanyin safiya, na tarar da mutane a gabana, wata mata da wayarta ta faɗa ruwa, da wani mushe da ke son a sake masa Windows. Na zauna a benci, mai shayin gefe ya haɗa mini kofi. Layi na zuwa kaina kuran ya ɗauke. Muka yi zaman jira har rana ta fara dukan kwanon rumfar, sannan ya ce in na yarda in ƙara dala ɗari na esansi ya tada ɗan gurup ɗinsa. Na yarda, don ɗalibai na can suna jiran a buɗe shago. Kafin ya sa kowane faifai sai ya ɗaga shi ya karkata shi ga haske yana neman inda ya ƙarce, ya hura masa iska, sannan ya ɗauki tsumma mai laushi irin na goge tabarau ya shafa daga ramin tsakiya zuwa baki, a miƙe. Ya ce kada in kuskura in goge faifai ina zagayawa. Bayanin da ke kai a nannaɗe yake, ya taso daga tsakiya yana zagaye har waje. Ƙarcewar da ta bi zagayen tana cinye layi mai tsawo, wadda ta ratsa a gicciye kuwa na'ura na iya cike gurbinta. Manhajar da ya yi aiki da ita ImgBurn ce, kyauta ake samunta. Ya zaɓi wurin da ke cewa a yi fayil daga faifai, ya nuna mata inda za ta ajiye, ya rage gudun karatun, ya danna. Na ƙamus bai daɗe ba ya kammala.

Na karatun Alƙur'ani ya zo da nasa salo. Fayil biyu suka fito, BIN babba da CUE ɗan mitsitsi. Na ce ina ISO ɗin? Ya ce faifan sauti irin wanda ake sawa a rediyon mota ba shi da dosiye a ciki, sauti ne zalla kashi-kashi, don haka ba ya zama ISO. BIN shi ne sautin, CUE shi ke faɗin inda kowane kashi ya fara, dole su zauna dosiye ɗaya, kuma kada a canza wa BIN suna, don CUE da sunansa yake kiransa. Da aka zo kan DVD ɗin hawan salla hankalina ya tashi. Faifan gida ne da mai kyamara ya ƙona, ba bugun kamfani ba, kuma irin waɗannan rini ne a cikinsu wanda zafi da hasken rana ke kashewa sannu a hankali. Namu ya yi shekaru a kabad cikin ɗakin kwano, a garin da ma'aunin zafi ke haura 40 da bazara. Ya tafi lafiya har kusan ƙarshe, sai lambar ta tsaya cak, lektar tana ƙara tana sake gwadawa, layukan kuskure suna ta jeruwa a ƙasan allo. Ni da shi babu mai magana. Ya tsayar, ya fitar da faifan, ya wanke shi da ruwa da ɗigon sabulu, ya jingine shi ya bushe, ya sake daga farko da gudu mafi ƙanƙanta. Da ƙyar ta ratsa wurin, ta kai ɗari bisa ɗari. Na firinta kuwa ko gezau. Ya ɗaga shi ga rana ya nuna mini, haske na ratsowa ta wasu ƴan huji. Ta sama ya ƙarce, gefen rubutu, kuma a CD nan ne bayanin yake, ƙarƙashin fentin kaɗan. In can ya ɓare babu gyara. Bai karɓi kuɗin wannan ba.

Na ɗauka an gama, sai kile ta ce ba ta san zancen ba. Mai jiga 16 ce, kusan babu komai a ciki, ta karɓi na ƙamus da na karatu, amma da aka zo kan DVD sai allo ya ce fayil ɗin ya yi wa wurin girma, alhali jiga 4 da ɗoriya ne kawai. Na fara zargin ko jabu ce, don akwai su a kasuwa, masu nuna 16 amma cikinsu bai kai ba. Ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, tsarin FAT32 ne a kanta, wanda yawancin ƙananan kile ke zuwa da shi daga kamfani, kuma a wannan tsari fayil guda ba ya wuce jiga 4 komai faɗin kilen. Maganin shi ne a sake mata tsari zuwa exFAT ko NTFS, kuma yin haka yana share duk abin da ke ciki. Ya kwashe kayana zuwa kwamfutarsa, ya mayar da ita exFAT, ya dawo da komai har da DVD ɗin. Ya ja mini kunne cewa wasu rediyoyin mota da talabijin da dekoda FAT32 kaɗai suka sani, kada in yi wa kilen da ake jin karatu da ita irin wannan. Kafin in tashi ya bi ta da antibirus, saboda birus ɗin nan mai mayar da dosiyoyi rakursi (ƴan tambura masu nuna hanyar fayil kawai), wanda duk mai yawo da kile a sibar ya san shi. Na biya jikka 2 cif, faifai uku da kuɗin esansi, na fito azahar ta gota.

A shago na kwafe komai zuwa cikin tafi-da-gidanka. Fayil ɗin ƙamus ya fito da tambarin ƴan littattafai ɗaure da bel, na WinRAR, abin buɗe ƙunshin fayiloli, wanda mai sayarwa a Kano ya riga ya sa. Danna biyu ya buɗe ya nuna dosiyoyin ciki, na fitar da su waje, na danna setup, ƙamus ya shiga lafiya lau. Ina buɗe shi sai ga saƙon da na sani: a sa faifai a lekta. Na cire na sake sawa, haka dai. Ga wata ɗaliba a gefe tana jiran a duba mata kundin kammala karatu, tana ta duban agogon wayarta, Yaya kuma ya leƙo ya ce, "Kai, da ka sayi lektar nan ba da mun huta ba?" Na fita waje na kira mai gyaran. Ya yi dariya ya ce, "Babban yaya, buhun aka farke aka zube geron a tabarma. Ita kuwa manhajar buhun take nema, da ɗinkinsa da tambarinsa." Irin waɗannan manhajojin sukan duba ko wurin da suke karatu lekta ce, su kuma duba ko sunan faifan ya yi daidai, kuma dosiyen da aka zube bai cika ko ɗaya ba. WinRAR bai yi laifi ba, buɗe ƙunshi aikinsa ne. Sai dai in an sa shi yakan karɓe fayilolin ISO ya zama shi ke amsawa in an danna, maɓallin ɗorawa na Windows kuma ya ɓace daga jeri. Ina jin yawancin masu cewa ISO bai yi musu aiki ba a nan suka tsaya.

Ya bi da ni ta waya, kuɗin kira na ta tafiya. Shi Windows mai Faransanci ya saba da ita, tawa kuma ta Kano ce da Ingilishi, sai da muka ɗan yi kai-kawo. Ga hanyar: ka ɗora kibiya a kan fayil ɗin, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Ouvrir avec" ko "Open with", daga nan "Explorateur Windows" ko "Windows Explorer". Ina dannawa na koma "This PC", wanda a Faransanci yake "Ce PC", sai ga lektar DVD sabuwa da harafin E, da sunan faifan ƙamus da ɗan tambarinsa, a kwamfutar da ba ta da ko tsagar da za a zura faifai. Na cire ƙamus ɗin da ya shiga daga dosiye, na sake sa shi daga E, ya buɗe ba tambaya, kuma da saurin da ban saba gani ba, don babu jiran faifai ya ɗauki gudu. Na juyo da allon wajen Yaya. Ya leƙa gefen kwamfutar, ya shafa da yatsa, ya ce, "To ina faifan?" Na jawo aljihun tebur na nuna masa shi cikin leda. Ya ce, "Ikon Allah," ya koma kujerarsa. Tun Windows 8, wadda ta fito a 2012, abin nan yake cikin Windows, haka a 10 da 11. In babu manhajar da ta karɓe fayil ɗin, danna biyu ya isa, ko maɓallin dama sannan "Monter" ko "Mount". Don in huta da zagaye, na shiga "Properties" na fayil ɗin na mayar da abin buɗe shi Explorer, tambarin littattafai ya koma na faifai. Ba a ajiye komai ko goge komai a cikin lektar ta ƙarya, karatu kawai ake yi. In an gama a danna mata dama a zaɓi "Éjecter" ko "Eject", ta ɓace, fayil ɗin yana nan inda yake. Muddin yana ɗore, Windows ba za ta bari a goge shi ko a matsar da shi ba.

Da safe na kunna kwamfuta, babu E. Gabana ya faɗi, amma fayil ɗin na nan, ɗorawar ce ba ta kwana: duk lokacin da aka kashe kwamfuta sai an sake. Wata rana kuma na ɗora, lektar ta fito, ƙamus ya ce babu faifai. Sai da na lura na ga kilen wani ɗalibi ta riga ta zauna kan E, faifan ya koma F, shi kuwa ƙamus E ya sani tunda daga can aka sa shi. A shago irin namu da kile ke shiga tana fita duk yini, wannan zai yi ta faruwa. Abin da ya kashe maganar biyu shi ne dosiyen da Windows ke buɗe duk abin da ke cikinsa da zarar ta tashi. Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta shell:startup, dosiyen ya buɗe, ka jefa rakursin fayil ɗin ISO a ciki. Tun daga nan kwamfuta na tashi faifan na hawa kan E da kansa. Doka ɗaya na kafa wa yaron shago: kada a kunna kwamfuta da kilen kowa a jiki.

Saura tsohuwa mai Windows 7. A can na danna dama, babu "Monter", abin da ta iya kawai ƙona fayil ɗin a kan faifai, da lektar da ta mutu. Windows 7 ba ta san ɗorawa ba, kuma tunda Microsoft ta daina kula da ita a Janairun 2020 ba za ta taɓa koya ba. Sai an kawo mata manhaja daga waje. Akwai su da dama, irin su Virtual CloneDrive da Daemon Tools da PowerISO, amma mai gyaran ya ce in ɗauki WinCDEmu, kyauta ce kuma ƴar ƙarama, mega kaɗan, ba ta taɓa forfe ɗina ba. Wahalar a wurin saukewa take. Shafukan da ke tara manhajoji cike suke da manyan maɓallai kore masu cewa a danna nan, kuma yawancinsu talla ne. A nemi shafin masu manhajar kansu, kuma wajen sawa a karanta kowace taga kafin a ce "suivant", don wasu kayan kyauta sukan shigo da ƴan rakiya. Windows ta tambaye ni ko na yarda a sa wani pilot, na yarda, dole kuma mutum ya kasance da ikon mai kwamfuta. Daga nan danna biyu kan ISO sai ƴar taga ta fito tana tambayar harafin da nake so. Na zaɓi M, can nesa da inda kile ke sauka. Ita ce kuma ta ɗauki nau'o'in da Windows 10 ba ta kulawa: NRG na Nero, da MDS, da CUE na fayafayan manhaja. Maƙwabcinmu mai hoto yana da tsofaffin NRG da ya ɗauka sun lalace, ashe abin buɗewa ne babu. WinCDEmu tana kuma iya kwashe faifai ta mayar ISO in akwai lekta mai lafiya. Karatun Alƙur'anin dai daga baya na koma aka mayar mini da shi MP3, ya fi sauƙin sha'ani.

DVD ɗin hawan salla ya hau lekta ba gardama, amma Windows 10 ba ta zo da abin kallon DVD ba, sai da VLC, manhajar kallon bidiyo. Ita VLC ko ɗorawa ba ta buƙata, ka ja fayil ɗin ISO ka saka mata, ta buɗe har da shafin farko na zaɓi. Ran Juma'a da yamma na kai kwamfutar gida. Inna ta sa aka mayar mata wurin da Baba ya wuce ya ɗaga hannu har sai da batir ya yi kuka, ta kuma ce a ba kowane ɗa nasa kwafi, har da ƙanwarmu da ke aure a Maraɗi.

Bayan haka wani ɗalibi ya zo da kile, ya ce, "Kawu, na sauke Ubuntu, na kwafa a kile, kwamfutata ta ƙi tashi da ita." Ubuntu tsari ne na tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a fayil ɗin ISO ake sauke shi. A nan na ga abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa, kuma duk da fayil ɗaya ake yin su. Fitar da kayan ciki, wanda WinRAR ko 7-Zip ke yi, ya isa in takarda ko hoto kawai kake nema. Ɗorawa a lekta ta ƙarya na aiki ne a cikin Windows mai rai, da zarar ta mutu lektar ta tafi da ita. Wanda ke son ya tada kwamfutar da ba ta tashi, ko ya sa mata sabon tsari daga tushe, dole ya rubuta ISO ɗin a kile da manhaja irin Rufus, wadda ke mayar da kilen abin tada kwamfuta, kuma tana share duk abin da ke kanta. Na sa ya kwashe hotunansa tukuna. Da muka gwada, fayil ɗin ma bai cika ba, rezo ya yanke masa cikin dare bai sani ba. Fayil ɗin da bai gama sauka ba yana da suna da tambari kamar na ƙwarai, sai an zo ɗorawa Windows ta ce ya lalace. A gwada girmansa da wanda aka rubuta a shafin. Masu irin su Ubuntu har lambar tantancewa ta SHA256 suke wallafawa, a baƙin allon umarni na Windows, wato cmd, ka rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, sannan SHA256, in lambobin sun yi daidai fayil ɗin ya cika.

In da mai faifai a kabad zai ji tawa, ya kwashe shi tun yana karantuwa, musamman na gida da aka ƙona, na biki da na suna da na walima, don kwamfutoci masu lekta suna ƙarewa a rumfunan gyara. Ya tafi da kilen da aka riga aka mayar exFAT, ya kuma sa mai gyaran ya ɗora fayil ɗin a gabansa ya gani kafin ya biya. Fayil ɗin da ake aiki da shi kullum ya zauna cikin kwamfuta, don in daga kile aka ɗora, ana zare ta lektar ta tafi. Kwafi na biyu ya zauna wani wuri dabam, namu yana gidan Yaya. A ba kowanne suna mai ma'ana da shekara, ba a bar shi "image1" ba. Akwai fayafayan wasanni da na wasu manhajoji masu kariya ta musamman, waɗanda ko an kwashe su ba sa yarda da lekta ta ƙarya, kuma ISO ba ya ba mutum lasisi: ƙamus ɗinmu sai da ya nemi lambar da ke bayan kwalinsa, saboda haka kada a jefar da kwali. Abin da ya fi damuna shi ne sauƙin da danna biyu ya kawo. Ƴan damfara kan turo ISO ta imel da sunan rasit ko takardar neman aiki, mutum ya danna, ya buɗe abin da ke ciki, birus ya shiga. Babu wanda ke aiko da rasit a cikin faifai. In ɗalibi ya kawo mini irin wannan a buga masa, nakan ce ya koma ya nemi a turo masa PDF.

Firinta ce ta ƙarshe. Tunda faifanta ya tafi, na juya ta na karanta lambar samfurinta a jikin takardar baya, na shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, na zaɓi Windows 10 mai 64 bit. Cikakken ƙunshin ya yi nauyi ga rezon rana, na jira dare na sayi forfe na dala ɗari, na ɗauki ƙaramin da ke da pilot kaɗai. Ya buga, ya kuma yi sikan. Na kwafe shi cikin dosiye ɗaya da fayilolin ISO, na rubuta masa sunan firintar da lambarta. Duk abin da aikin ya ci, da kabu-kabu da shayi da kuɗin kira, bai kai jikka 5 ba.